Motar da ke Kiran Sunan Mijin Anarkan

"Direba, huta a nan."

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga garin Narin zuwa ƙauyenmu tare da Anarkan-apa, wato Inna Anarkan, ya ji wannan magana. In direban baƙo ne, sai ya waiwayo ya ce, "Apa, ai ni ban gaji ba." Fasinjoji su kwashe da dariya, wani daga baya ya ce, "Taka birki, ɗan'uwa, sauka za ta yi."

Ba wasa take yi ba. Sunan mijinta Toktosun. 'Ya'ya huɗu uwarsa ta binne kafin shi, shi ya sa da ya zo aka sa masa wannan suna, wato "abin ya tsaya haka". Farkon sunan kuwa, tokto, shi ne "tsaya" a bakinmu. Ranar da aka kawo Anarkan gidan tana 'yar shekara sha tara, surukarta ta zaunar da ita ta jero mata sunayen da ba za su ƙara fita daga bakinta ba: na suruki, na kakanni, na yayyen miji, da na mijin kansa. Matan yanzu sun sassauta, wata ma daga bakin ƙofa za ka ji ta ƙwala wa mijinta kira kamar mai kiran ɗan maraƙi. Ita Anarkan ta riƙe abinta gam. Shekara arba'in da huɗu tana ce masa "Baban Meder", kuma tunda rabin sunansa shi ne "tsaya", ita ma kalmar ta sallame ta. A wurinta ruwan sama hutawa yake yi, agogo ya huta, zuciyar mamaci ta huta.

Abin dariyar shi ne tuƙi ne sana'arta. Shekara ashirin da biyu tana jan lorin madara, tun zamanin gandun gwamnati har bayan da ya watse. Mijin yana can tsauni da tumaki, ita tana hanya da tankin madara. Wata rana ɗan sanda ya tare ta a mararrabar At-Bashi.

"Ba ki ga alamar can ba? Me ta ce?"

"Ta ce in huta."

"Kin huta?"

"Ina ni ina hutu, ɗana, madara za ta yi tsami."

Ya dube ta, ya dubi takardarta, ya ga sunan mijin a jiki. Sai ya miƙa mata yana murmushi, ya kira ta jene, yadda muke kiran matar yaya. "Tafi, jene. Uwata ma haka take."

Katanga ɗaya ta raba gidanta da na faccalarta Kalbubu, matar ƙanen Toktosun. Kalbubu gajeriya ce, mai faɗin baki, mai tsoron mota kamar mutuwarta. Ita ma sunan ya fi ƙarfin bakinta, wan miji ne, sai dai ta ce "Ake", wato Yaya. Tare suka yi amarci, tare suka sha faɗan suruka ɗaya, tare suka tsufa suna tsokanar juna. Mafi yawan abin da zan faɗa daga bakinta na ji shi.

Shekara biyu kafin ɗansu ya aiko musu da mota, Toktosun ya fara mantuwa. Da fari bulalarsa ce da hularsa. Daga baya ya tambayi Anarkan ko an shayar da wani doki da ya mutu tun ɗansu Mederbek yana goye. Likitan Narin ya ba da ƙwayoyi, ya ce a yi haƙuri, abin gaba yake yi. Kafin damina ta zagayo, in ta ce "Baban Meder, ga shayi," sai ya waiga bayansa ya ga wa ake nufi. Ya manta yana da ɗa, to ina zai san shi ne uban wani? Ya daina amsa mata. Ya zauna bakin taga, shayi ya huce, burodi ya bushe a hannunsa.

Shi Mederbek, ɗansu tilo, yana Koriya, yana aiki a filin da ake loda motoci a jirgin ruwa. Da ya ji wahalar da uwarsa ke sha wajen kai uban asibiti a motar haya, sai ya haɗa abin da ya tara ya aiko da jif, shi ma ya biyo ta ya yi kwana goma.

Ranar da ta shigo ƙauye, maza suka bar abin da suke yi. Ba ƙatuwa ba ce irin ta manyan gwamnati, ba kuma ƙarama ba, tsaka-tsaki ce, shuɗiya mai duhu, shekararta uku a hannun wani. Kujerun fata masu launin shayi da madara, rufinta gilas tun daga kan direba har baya. Aka buɗe gaba, aka leƙa, ba a ga komai ba sai baƙin murfi.

"Ina injin?" in ji wani tsoho.

Mederbek ya ce, "Yana ƙasa, baba. Dizal ne. Giya takwas, ita ke canja wa kanta."

Anarkan ta zagaya ta sau biyu, ta ƙwanƙwasa taya da ƙafa, ta durƙusa da ƙyar ta auna tsakanin cikin motar da ƙasa da tafin hannu. Sannan ta shiga ta danna abin tayarwa.

"Ta tashi?"

"Ta tashi, apa."

"Motar da ba ta tari, ta yaya mutum zai san lafiyarta?"

Ta ja ta zuwa hawan da ke bayan maƙabarta, inda lorinta yake kuka a giya ɗaya yana tafasa ruwa. Jif ta haye kamar ba hawa ba, shayin da Mederbek ya ajiye a tsakiya ko tangaɗi bai yi ba. A dawowa ɗan maraƙi ya faɗo hanya. Kafin ƙafarta ta kai birki, motar ta yi ƙara ta tsaya cak da kanta.

Anarkan ta daɗe tana kallon sitiyari. "Ka ga mai hankali," in ji ta. "Ba sai an ce mata ta huta ba."

Kalbubu kuwa sai da aka yi kwana uku ana lallashi kafin ta shiga. Ba su yi nisa ba ta fara mutsu-mutsu, ta matso ta yi raɗa.

"Jene. Juya mu koma."

"Me ya faru?"

"Ina jin tsufa ya kama ni. Na yi abin kunya a kujerar yaron nan."

"Ke dalla, ɗumi ne! Kujerar ce ke ɗumama kanta. Ga maɓallin nan, gwiwarki ta danna."

"To wace irin kujera ce za ta riƙa taɓa mutum ba ta yi sallama ba?"

Ana jibi zai koma, Mederbek ya haɗa wayar uwarsa da motar. Ya nuna mata wani maɓalli a jikin sitiyari, ya ce in ta danna ta ce "kira maigida", motar za ta kira wayar da ya saya wa uban, wadda aka ɗinke masa a aljihun riga saboda ɓata. Toktosun yana kujerar gaba, an kunna masa ɗumi don ciwon bayansa, yana kallon gilas ba ya ganin kowa.

Anarkan ta danna. Ta faɗi abin da aka ce ta faɗa.

Wata murya ta mace, tatas, ba ko ɗar, ta fito ta kowane lungu na motar da yaren Rasha: "Ina kiran Toktosun."

Anarkan ta saki sitiyari ta dafe kunnuwa. "Innalillahi! Wace marar kunya ce wannan? Meder, kai ka koya mata?"

"Apa, haka na rubuta a waya, bari in..."

"Na'am?"

Duka suka juya. Toktosun ne. Ya miƙe zaune, idonsa ya dawo, yana dube-dube.

"Wa ke nema na? Ga ni."

Mederbek ya riga ya ɗauki waya zai goge sunan. Uwar ta kama hannunsa ba ta dube shi ba.

"Bar shi," in ji ta.

Daga ranar safiyar gidan ta canja. Da ta gama tatsa, sai ta tayar da mota ta bar kujera ta yi ɗumi, ta kamo hannun mijin ta zaunar da shi, ta ɗora tiren shayi a tsakiya. Ta danna maɓalli. Marar kunya, don sunan da ya bi ta ke nan, ta faɗi abin da za ta faɗa. Shi kuma ya ce "Na'am", ya karɓi shayi ya shanye da zafinsa. Wani lokaci motar ko ƙofar gida ba ta fita. Su zauna a tsakar gida, ta zuge labulen rufin, yana kallon girgije yana ba ta labarin shekarar da ƙanƙara ta rufe su a jailo, makiyayar kan tsauni, shi da tumaki ɗari shida. Ta san labarin kamar yunwar cikinta. A da cewa take, "Mun ji, mun ji." Yanzu sai ta ce, "Sai aka yi yaya?"

Bai san ita ce matarsa ba. "Direba" yake ce mata. Yakan yaba mata da cewa hannunta na da taushi a kwana.

Kalbubu ta leƙo ta katanga wata safiya. "Jene, mutane na cewa kin mai da motar miliyoyi ɗakin shan shayi."

"Su zo su gwada nasu ɗakin, in yana kiran mutum ya amsa."

"Amma dai ba kya jin komai? Ƙatuwar mace tana kama sunan Ake gatsau a gabanki?"

Anarkan ta goge gilas da gefen ɗankwali. "Ita ba ta da suruka," in ji ta. "Aron bakinta nake yi."

Haka aka ci lokacin zafi. Kaka ta shigo, makiyaya suka sauko da dabbobi, kan duwatsu ya yi fari.

Wata Talata da hantsi, Anarkan ta fito daga garke da bokitin madara ta tarar da ƙofar gida a buɗe. Babu shi a bakin taga. Babu takalmansa na hawa, babu tsohon linzamin da ke rataye a ƙusa. Mazan ƙauye duk sun tafi kasuwar dabbobi ta At-Bashi tun asuba. Wata mata mai ɗiban ruwa ta ce ta ga wani mai tarakta ya rage wa dattijon hanya zuwa bakin kwazazzabo, wai dattijon ya ce masa tumakinsa na sama ba a sauko da su ba.

Ta kira wayarsa daga mota, ba ta shiga. Sama kuwa ta yi baƙi ta wajen tsauni.

"Kalbubu! Ɗauko bargo ki fito!"

"Ni? Can sama? A wannan abar?"

"In na same shi wa zai riƙe min shi? Shigo!"

Kilomita goma sha takwas ne daga ƙauye zuwa tsohon garken Toktosun, kuma tun da gandu ya watse ba wanda ya sake gyara hanyar. Kwalta ta ƙare, tsakuwa ta ƙare, aka shiga taɓo mai haɗe da ƙanƙara. Anarkan ta kai hannu ga wani maɓalli zagayayye kamar murfin kwalba, ta murɗa shi daga hoton hanya zuwa hoton taɓo. Motar ta canja numfashi. In taya ɗaya ta sulɓe, sai ka ji tana lalube, ta mai da ƙarfin ga wadda ta sami ƙasa, ta ja.

"La'ilaha illallahu," in ji Kalbubu, ta rungume bargo. "Jene, ramin nan na gefena ba shi da ƙarshe."

"To daina leƙa shi."

"In na mutu ki gaya wa ƙanen mijinki kuɗin kurut, busasshen cukun da na sayar, na cikin tsohuwar butar shayi."

"Ba za ki mutu ba, bakinki ba zai yarda ba."

A rafi na farko ruwa ya cinye rabin hanya. Anarkan ta kunna kamara, allon gabanta ya nuna mata duwatsun da ke ƙarƙashin hancin motar ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora taya a kan manyan, ta haye. Can sama inda iska ke ƙaranci, inda lorinta yake shaƙewa har sai ta sauka ta huta da shi, jif ko a jikinta. A tsakiyar hanya suka ga sawun takalmi a kan sabuwar ƙanƙara, ƙafar hagu tana jan ƙasa.

"Nasa ne," in ji Anarkan. Ta ƙara wuta.

Saura kaɗan su kai, suka tarar dutse ya zubo ya toshe hanya. Ko akuya sai ta yi tunani. Daga nan ana hango komai: gangare, sannan kogi, sannan kangon garken a tsallake. Kogin ya daskare a baki-baki, tsakiyarsa baƙin ruwa na gudu. Ga Toktosun can ƙasa, tafiyar taku ɗari biyu, linzami a kafaɗa, ya nufi ruwan kai tsaye, ta inda gadar katako take shekara talatin da suka wuce.

Anarkan ta danna oda. Duwatsu suka amsa. Bai waiwayo ba.

Ta fito. "Baban Meder! Baban Meder!"

"Ake!" in ji Kalbubu. "Ake, don Allah! Akeee!"

Ko gezau. Tafiyarsa yake yi, a hankali, ba fasawa. Anarkan ta fara sauka gangaren, gwiwarta ta ƙi, ta zame ta zauna. Ko da ƙafar budurwa ba za ta cim masa ba.

"Marar kunya!" in ji Kalbubu. "Jene, sa marar kunya ta kira shi! Buɗe ƙofofin!"

Suka bubbuɗe ƙofa huɗu har da ta baya. Kalbubu, wadda ba ta taɓa yarda ta taɓa komai a motar ba, ta murɗa ƙarar har ƙarshe. Anarkan ta danna maɓalli. "Kira maigida."

Sai muryar ta fito da ƙarfin da ya tayar da hankaki daga kan duwatsu: "Babu layi. A sake gwadawa an jima."

"An jima uwaki!" in ji Kalbubu. "Yau kika ga damar yin kunya?"

Ta sake dannawa. Amsa ɗaya.

Toktosun ya kai bakin kogi. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ƙanƙarar gefe yana gwada ta.

Matan biyu suka dubi juna. Kalbubu ta buɗe baki, ta rufe, hawaye ya zubo mata. "Sunan ba zai fito ba, jene. Wallahi na nema, ba zai fito ba."

Anarkan ta dafa ƙofar mota ta miƙe tsaye. Kalbubu ta ce ta ga leɓenta na motsi ba sauti, kamar mai gwada takalmin da ba ta taɓa sawa ba. Sannan ta cika ƙirji.

"Tokto! Toktosun!"

Muryar ta fashe a tsakiya. Dutsen tsallake ya dawo mata da sunan, na bayansa ma ya dawo da shi.

Ya janye ƙafar. Ya juyo, ya kare ido da hannu.

"Na'am?"

"Toktosun, zo nan! Tumakin sun sauka tun tuni. Zo, shayi na hucewa."

Ya ɗan tsaya yana kallon kangon garke. Sannan ya gyara linzami a kafaɗa ya fara hawowa. Kalbubu ta gangara da gindi ta tare shi da bargo, tana kuka tana yi masa faɗa a lokaci ɗaya.

Da suka zaunar da shi, Anarkan ta cire masa jiƙaƙƙen takalmi, ta kunna ɗumin kujera har ƙarshe, ta sa tafukan ƙafarsa a hammatarta. Ƙanƙara ta fara sauka a kan gilashin rufi. Yana ta kallonta, kallon da ya daɗe bai yi wa kowa ba.

"Anar," in ji shi.

Hannunta ya tsaya cak.

"Ashe kin san sunana. Ni duk zatona ranar ɗaurin aure hayaniya ta yi yawa, ba ki ji ba."

Dariya ta ƙwace mata tare da kuka, ta kifa goshi a kafaɗarsa. Daga kujerar baya Kalbubu ta fyace hanci ta ce, "Ni dai ban ji komai ba. Iska ta yi yawa. Duk wanda ya tambaye ni, iska na ji."

Juyawa a wannan ƙunci sai da ta yi gaba da baya sau bakwai, allon yana nuna mata bakin rami da jan layi. A gangare ta danna abin da ke riƙe mota, ta ɗage ƙafa daga birki, jif ta riƙa sauka da kanta taku-taku kamar tsohuwar goɗiya da ta san hanya. Kafin su kai rafi ya yi barci. Da ya farka a ƙofar gida, ya ce, "Sannu, direba," ya nemi ya biya ta.

Ranar Alhamis Anarkan ta ɗora kasko ta soya borsok, ƙananan fanken garinmu, don ƙamshin mai ya isa ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ta yi wa surukarta addu'a, ta shafa, sannan ta ƙara da 'yar murya, "Ki yi haƙuri, ene, uwar mijina. Ke kika haife shi, kin san abin da ya sa kika sa masa sunan."

Kalbubu na gefe tana tsame borsok daga mai. Toktosun yana bakin taga, an ajiye masa faranti bai taɓa ba. Can sai ya juyo, ba wanda ya yi masa magana.

"Ke," in ji shi. "Wadda ta kira ni a bakin ruwa. Sake faɗa mana."

Anarkan ta dubi faranti, ta dubi ƙofa, kunnuwanta suka yi ja kamar na amarya.

"Kalbubu," in ji ta, "je ki duba min saniyar nan, kamar na ji tana kuka."

"Saniyar da ke kiwo a bayan gari?"

"Ita."

Kalbubu ta sauke kasko daga wuta, ta goge hannu, ta fita. Ta ja musu ƙofa har sai da ta ji ta kama.